Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan'uwana magoya bayan Canadiens a kan maganar Reinbacher

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa, ina yi muku sannu da zafin bazara, ku da kuka baro zafin Maraɗi da Kano kuka zo kuna kukan zafin Montreal.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa shi ne musun da ya sake tashi a tsakaninmu tun ranar da ƙungiyarmu, Montreal Canadiens, ta sayo Noah Dobson daga New York Islanders a ƙarshen watan Yunin bana, 2025. Labarin bai gama zagayawa ba tsohuwar magana ta dawo. In har sai an ba da zaɓi na 16 da na 17, an haɗa da Emil Heineman, an kuma sa hannu a kan dala miliyan 9.5 duk shekara har shekara 8 kafin a samu ɗan baya mai riƙe gora ta hannun dama, to ina amfanin David Reinbacher? Ba don wannan gurbin aka ɗauke shi a 2023 aka bar Matvei Michkov ba? Tambayar tana kan hanya, ni ma na yi ta. Abin da ya dame ni shi ne wanda kuke jefa wa ita.

Na san wasiƙar za ta kai ga mutanen gida, waɗanda ƙanƙarar da suka sani ita ce ta cikin leda a watan azumi, don haka bari in ɗan yi musu shimfiɗa. Wasan ƙwallon gora ne, amma a kan ƙanƙara ake yin sa, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kuma maimakon ƙwallo wani ɗan baƙin faifan roba ake bugawa. Babbar gasarsa ita ce NHL, ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, kowacce tana buga wasa fiye da 80 a kaka. Inda ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da muka saba shi ne, a nan mai kuɗi ba ya zuwa ya kwashe yara masu tasowa. Sau ɗaya a shekara ake taruwa a jera matasa 'yan shekara 18 na duniya baki ɗaya, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye 7, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓe, bayan an yi ƙuri'a a tsakaninsu. Yaro ba shi da ta cewa. Inda aka kira sunansa nan zai nufa, ko garin ya yi masa ko bai yi masa ba. Canadiens kuwa ita ce ta fi kowa cin kofin Stanley, sau 24, amma rabonta da shi tun 1993. Wanda ya gane wannan yunwar ta shekara 32 zai gane abin da ya sa mutanen garin nan ke ɗaukar daren zaɓe kamar daren fitar da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu.

Daren 28 ga Yuni, 2023, a Nashville aka yi zaɓen, mu kuma muna gaban talabijin. Chicago ta ɗauki Connor Bedard, wannan ba wanda ya yi mamaki. Anaheim ta ɗauki Leo Carlsson, Columbus ta ɗauki Adam Fantilli, San Jose ta ɗauki Will Smith. Sai mu, na 5, ga Michkov zaune ba a taɓa shi ba. Aka tura Carey Price, shahararren golanmu, kan dandamali ya faɗi sunan. Ya ce "David", ya tsaya, sauran sunan ya ɓace masa, sai da Kent Hughes, manajan ƙungiya, ya ƙarasa masa. Ni kaina na miƙe na yi wa talabijin ihu, ba zan ɓoye ba, har uwargida ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Kafin gari ya waye an cika shafukan yaron da zagi, har da masu jawo ƙasarsa Austriya da tarihinta cikin ashar. Yaro ɗan shekara 18, laifinsa kawai an kira sunansa ya tashi ya sa riga.

Ɗana, wanda a nan aka haife shi kuma shi ma yana zamiya a kan ƙanƙara tun bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba, ya tambaye ni washegari me yaron ya yi. Na buɗe baki ban samu amsa ba. Tun ranar nake jin nauyin ihun da na yi.

Kada ku ɗauka na sauya ra'ayi a kan zaɓen kansa. Da ni aka ba wa makirufo a daren, Michkov zan kira, kuma yau ma shi zan kira. Ɗan wasan da ke iya jefa faifai a raga daga inda ba wanda ya zata ba kullum ake samun sa ba, kuma mun ga abin da ya yi a kakarsa ta farko a Philadelphia: ya ci 26, ya tara maki 63 (maki shi ne abin da ka ci haɗe da wanda ka taimaka aka ci), duk da kocinsa John Tortorella yakan ajiye shi a benci in ransa ya ɓaci. Amma adalci ya sa a faɗi abin da ke gaban shugabanni a wancan daren. Michkov yana da kwantiragi da SKA ta Saint Petersburg har zuwa 2026, kuma ba wanda ya san za a sake shi tun 2024. Yaƙin Yukiren ya sa an cire Rasha daga gasannin duniya, masu leƙen 'yan wasa ba su samu ganin sa ido da ido yadda suke so ba. A gabanmu kuma akwai Cole Caufield da Nick Suzuki, duk ba manyan jiki ba ne, shi ma Michkov haka. Reinbacher kuwa dogo ne, ɗan baya na dama, irin da ke wuyar samu, kuma yana ɗan shekara 18 ya riga ya buga kaka guda cikin manyan mutane a Kloten, a babbar gasar Suwizalan, ya tara maki 22 a wasa 46. Ku tuna kuma ba mu kaɗai muka tsallake Michkov ba. Arizona da ke bayanmu ta ɗauki wani ɗan Rasha dabam, Dmitri Simashev, ta bar shi ya faɗa hannun Philadelphia a na 7.

Duk da haka hujjar ba ta gamsar da ni ba, saboda na taɓa jin irinta. A 2018 Marc Bergevin, manajanmu na lokacin, yana neman ɗan tsakiya ido rufe, sai ya ɗauki Jesperi Kotkaniemi a na 3, ya bar Brady Tkachuk ya tafi Ottawa a na 4, inda yau shi ne kyaftin, muna haɗuwa da shi sau da yawa kowace kaka yana ba mu ciwon kai. Duk ranar da ƙungiya ta dubi ramin da ke gidanta ta ɗauki wanda zai toshe shi, maimakon ta ɗauki wanda ya fi kowa iya wasa, gabana faɗuwa yake yi, domin ramin da kake gani bana ba lallai shi ne ramin da za ka gani bayan shekara 4 ba, lokacin da yaron zai isa aiki. Cinikin Dobson ma ya nuna ɗan baya na dama ana iya sayen sa in an shirya biya. Wannan tambaya ce ta gaske, kuma masu amsa ta su ne Kent Hughes da Jeff Gorton, manya masu albashi da ofis, waɗanda aikinsu ke nan a tuhume su. Mu kuma mun bar jaki muna dukan taiki.

Akwai wata hujja da wasunku masu kare shugabanni ke kawowa, wai da an ɗauki Michkov da ba a samu Ivan Demidov a 2024 ba. Wannan lissafin dokin Rano ne, ku bar shi. Ba wanda ya san inda za mu ƙare a teburi da abubuwa sun tafi wata hanya, kuma ban ga dokar da ta hana ƙungiya ɗaya mallakar gwanaye biyu ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Kullum muna ba da labarin Kotkaniemi kamar kuskuren dare ɗaya ne, alhali rabin kuskuren bayan daren aka yi shi. An ɗauki yaro siriri daga Finlan, aka jefa shi cikin NHL yana ɗan shekara 18, ya buga wasa 79 a kakar farko, ya tara maki 34, muka yi ta tafi. Kaka ta biyu jiki ya gaza, rauni ya biyo rauni, aka mai da shi Laval, inda ƙaramar ƙungiyarmu take. A wasan ƙarshe na kofi a 2021 da Tampa Bay sai ga shi a zaune cikin 'yan kallo, an cire shi daga jerin masu bugawa. Bazarar nan Carolina ta miƙa masa dala miliyan 6.1 na shekara ɗaya, Montreal ta ƙi biyan irin haka, ya tafi. Kafin shi an yi wa Alex Galchenyuk, na 3 a 2012, kusan irin wannan riƙon: yau tsakiya, gobe gefe, har aka gaji aka musanya shi da Max Domi. Me ya sa ake gaggawar fito da yaran nan? Wani ɓangare na dalilin mu ne. In gari ya yi bori a kan zaɓe, shugabanni sukan so su nuna da wuri cewa ba su yi kuskure ba, sai su cire tuwo daga wuta bai nuna ba.

Ku dubi Detroit. A 2019 manajanta Steve Yzerman ya ɗauki Moritz Seider, ɗan Jamus, ɗan baya na dama, a na 6, lokacin da yawancin masu sharhi suka sa shi can ƙasa. Shi kansa yaron da ya ji sunansa sai da ya dafe baki. Yzerman bai damu da surutu ba. Ya tura shi Grand Rapids a ƙaramar gasa shekara guda, ya bar shi ya je Rögle a Suwidin wata shekarar, sai a kaka ta uku ya shigo da shi NHL. A 2022 Seider ya karɓi kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa. Ba ina cewa Reinbacher zai zama Seider ba. Ina cewa ko Seider ɗin ma sai da aka ba shi shekara 2 a inuwa.

Shi kansa Dobson da muke murna da shi fa? A zaɓen 2018 aka ɗauke shi, zaɓe ɗaya da Kotkaniemi, a na 12. Islanders suka mai da shi gasar matasa ta nan Kebek ya ƙara shekara. Kakarsa ta farko a NHL maki 7 ya samu a wasa 34. Sai a 2021-22, kaka ta huɗu bayan zaɓensa, ya kai maki 51, sannan 70 a 2023-24. Wato mutumin da muka biya wannan maƙudan kuɗi dominsa, da a Montreal ya yi shekarunsa na farko, da tuni wasunmu sun yi masa jana'iza. Ɗan baya a wannan wasa yakan daɗe bai nuna ba, domin aikinsa karatun fili ne: ya san lokacin da zai tare, lokacin da zai ja baya, inda abokin gaba zai bi kafin shi abokin gaban ya sani. Kuskurensa ɗaya faifai ne a raga, kowa ya gani. Aikinsa mai kyau kuwa sau da yawa shi ne abin da bai faru ba, shi ya sa ba ya fitowa a lissafin maki.

Na san abin da babban yayanmu zai ce in ya karanta wannan, domin ya sha faɗa mini a kan shayi: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yaya, da girmanka, wace Laraba muka gani? Bayan zaɓe yaron ya koma Kloten ya tarar da ƙungiya a rikice, ana ta sauya koci, ana shan kashi. Ya zo Laval a watan Maris na 2024 ya buga 'yan wasanni. A watan Satumba, a wasan share fage da Toronto, daren da Patrik Laine ma ya ji rauni, gwiwarsa ta tafi, aka yi masa tiyata, ya yi wata biyar yana jinya. Ya dawo a ƙarshen kaka ya buga wasannin neman kofi da Laval. Iyakar abin da ke hannunmu ke nan. Wanda ya ce ya ga isasshen abin yanke hukunci a cikin wannan, ko na yabo ko na suka, son zuciyarsa yake karantawa.

Kuma mu ne fa muka yi irin wannan hukuncin a kan Juraj Slafkovský. Ranar 7 ga Yuli, 2022, a Bell Centre, filin wasanmu, cikin garinmu, mutane sun zo da riguna ɗauke da sunan Shane Wright, wanda aka yi shekaru ana cewa shi ne na ɗaya. Aka kira ɗan Silobakiya, zauren ya rabu, tafi da ihu suka gauraya. Wright ya zame har na 4, Seattle ta ɗauke shi. Kakar farko Slafkovský ya ci 4 kacal a wasa 39 kafin rauni ya tsayar da shi, muka ce an yi asara. Ni a nawa ganin shi ma an yi gaggawar sa shi, da Laval aka fara kai shi. Kaka ta biyu ya ci 20, ya tara maki 50, aka ba shi kwantiragin shekara 8, sai ga masu zagin jiya suna sayen rigarsa. Har yau musun bai mutu ba, domin Logan Cooley da aka ɗauka a na 3 ya tara maki 65 a Utah a kakar da ta wuce, ya fi su duka biyun. Amma ku lura, wanda muka yi ta kuka a kansa a daren ba shi ne ya fito gaba ba. A wannan zaɓen dai, can a na 62, lokacin da yawancinmu mun kashe talabijin, aka ɗauki wani ɗan ƙaramin yaro da ƙungiyoyi suka raina saboda tsawonsa. Lane Hutson ke nan, wanda ya yi shekara 2 a jami'ar Boston ba mai damun sa, ya zo ya tara maki 66, ya ɗauki Calder a 2025 a gaban Michkov ɗin.

Tsofaffin garin nan suna da labarin da ya fi waɗannan ɗaci, wani maƙwabcina dattijo ne ya fara ba ni shi muna share ƙanƙara a ƙofar gida. A 1980 Canadiens ke da zaɓi na ɗaya. Gari yana son Denis Savard, ɗan gida mai jin Faransanci, wanda ya yi wasan ƙuruciyarsa a nan Montreal. Ƙungiya ta ɗauki Doug Wickenheiser na Regina, wanda ya ci 89 a kakarsa ta ƙarshe a gasar matasa. Savard ya tafi Chicago a na 3 ya zama tauraro. Wickenheiser kuwa bai taɓa samun sukuni ba a nan, duk abin da ya yi da Savard ake auna shi, har aka sayar da shi ga St. Louis a ƙarshen 1983. Ciwon daji ya kashe shi a 1999 yana da shekara 37. Ƙungiya ba ta huce takaicin Savard ba sai da ta kawo shi a 1990, ƙarfinsa ya fara raguwa, ta ba da Chris Chelios a madadinsa, Chelios kuma ya je Chicago ya ƙara cin kyautar gwarzon 'yan baya har sau 2. An ci kofin 1993 da Savard, gaskiya ne. Amma dattijon nan da ya zo kan sunan Wickenheiser sai ya jingina shebur ɗinsa ya yi shiru, ya ce shi ma yana cikin masu yi masa ihu a Forum, tsohon filin wasanmu.

Abin dariya a daren Nashville shi ne mutumin da sunan ya ɓace wa. A 2005, da aka ɗauki Carey Price, shi ma a na 5, masu sharhi sun yi ca, suna cewa me za a yi da gola alhali ga José Théodore a raga. Bayan shekara 10 Price ya haɗa kyautar gwarzon gasa da ta gwarzon masu tsaron raga a kaka ɗaya, kuma shi ya ɗauke mu a kafaɗa har wasan ƙarshe a 2021.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa, ba wai ku daina musu ba ne. Musun nan shi ne rabin daɗin abin, kuma da shi muke cinye dogon hunturun ƙasar nan. Ku ci gaba da cewa Michkov ya fi, ina bayanku. In Hughes ya zauna gaban 'yan jarida, ku matsa a tambaye shi ko gurbi ya bi ko gwaninta. Amma ku janye hannu daga shafin yaron, ku kuma hana 'ya'yanku, domin na ga wasu daga cikin yaranmu suna tura masa hoton Michkov duk ranar da Philadelphia ta ci wasa. Mu da muka bar gida muka zo ƙasar da ba a iya faɗin sunayenmu daidai ba, muka yi shekaru ana auna mu da ɗan gida, bai kamata a koya mana yadda wannan ke ci a rai ba. Sannan in an buɗe sansanin horo a watan Satumba aka ce Reinbacher zai koma Laval, kada ku ce shi ke nan ya faɗi. Zuwan Dobson alheri ne gare shi, domin yanzu ba wanda zai ɗora masa kayan da wuyansa bai kai ba. Abin da zan yi faɗa a kansa shi ne in na ga an jawo shi sama da wuri don a rufe bakinmu.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin yaron yana wasa da idonmu ba, guntayen bidiyo kawai muke gani a waya. Place Bell, filin wasan Laval, tana dab da tashar Montmorency, ƙarshen layin jirgin ƙasa mai launin lemo, kuma tikitin Laval bai kai na Bell Centre tsada ba. In kaka ta fara a watan Oktoba zan je da ɗana, zan kuma riƙe wa yaya kujera kusa da ni, shayin ma ni zan kawo.

Wassalam.

Naku,
wani ɗan Damagaram mazaunin Montreal